Turmin Inna

Ranar wata Laraba ce, a makon farko na watan Yulin 2024, na ci karo da takardar a cikin jakar makarantar 'yata, a maƙale tsakanin littafin lissafi da ledar da na ƙunsa mata awara da safe, har mai ya ɓata mata gefe. Hukumar makaranta ce take gayyatar iyaye zuwa walimar ƙarshen shekara, ranar Asabar 20 ga wata, da ƙarfe goma na safe, domin a san juna, a ci, a sha, a kuma ba ɗaliban da suka yi zarra kyaututtuka. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ɗan layi da aka rubuta can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, wai kwamitin iyaye mata ya fitar da anko, turmi naira 18,000, "ga mai hali."

Na tabbata wadda ta rubuta waɗannan kalmomi uku da kyakkyawar niyya ta rubuta su. Amma da a ce tilas aka ce, da sai in yi fushi, in ce an zalunce ni, in zauna gida da hujjata a hannu. To, ba a tilasta ba, zaɓi aka ba ni, kuma zaɓin nan shi ne tarkon; domin a ranar walima masu hali za su fito cikin launi ɗaya, mu kuwa sauran tun daga bakin ƙofa za a iya ƙidaya mu. Na daɗe ina mamakin yadda Bahaushe ya ɗauki kalma ɗaya, hali, ya ɗora mata ɗabi'a, ya kuma ɗora mata dukiya. A ƙasan takardar nan dai babu wanda zai ruɗe a kan wanne ake nufi.

Ga wanda bai san Maitumbi ba, unguwa ce a gefen gabas na Minna, a bakin hanyar da ta nufi Gwada da Kuta har zuwa madatsar ruwa ta Shiroro. Akwai Gwarawa masu ƙasa, akwai Nufawa, akwai mu Hausawa da jirgin ƙasa da fatauci suka kawo kakannin da yawa daga cikinmu, ga Yarabawa da Ibo masu shaguna, ga ma'aikatan gwamnati da suka yi ta ƙaruwa tun 1976 da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da Minna babban birninta. Daga wajen 2021 kuma sai ga wasu baƙin, waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Shiroro da Munya, suka biyo hanyar Gwada da 'yan ƙullin kayansu. 'Ya'yan dukkan waɗannan mutane suna haɗuwa a makarantar da nake magana, wata 'yar makarantar kuɗi mai matsakaicin farashi. Yara suna shiga da tufafi iri ɗaya, fari da shuɗi, ba a gane ɗan darakta da ɗan mai faci. Sau ɗaya tak a shekara ake gane su, watau ranar da iyayensu suka zo.

Ni malamar firamare ce ta gwamnati, maigidana kuma akawu ne. Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai malamar gwamnati sa 'yarta a makarantar kuɗi? Tambaya ce da nake yi wa kaina duk farkon zango, kuma ba yau zan amsa ta ba. Abin da zan ce shi ne, a wannan watan aljihunmu a bushe yake. Babbar Salla ta wuce a tsakiyar Yuni ta kwashe abin da ta kwashe. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin keke daga Maitumbi zuwa cikin gari ya tashi bai sauko ba, mudun shinkafa da na masara suka bi shi. A watan Fabrairun 2024 mata da matasa suka tare hanya a Kpakungu saboda tsadar abinci, labarin ya zagaya ƙasa. Ƙungiyar ƙwadago da gwamnati suna ta kai-komo a kan mafi ƙarancin albashi, wanda sai a ƙarshen Yulin nan aka sa hannu a kan naira 70,000. A irin wannan yanayi ne ake so in fitar da naira 18,000 ta zane, ban da ɗinki, ban da mayafin da zai shiga da shi.

Da na nuna wa maigida takardar bayan sallar isha, ya karanta, ya ninke, ya miƙo mini. Ya ce, "Maman Ummi, ai an ce ga mai hali. Ki sa duk abin da ya samu, wa zai kula?" Ban ga laifinsa ba. Namiji yana da farar shadda ɗaya da hula ɗaya, ya kai wanki da guga, ya je ɗaurin aure da ita, ya je suna, ya je jana'iza, shekara biyar ba wanda zai ce masa ya taɓa ganinta. Mace kuwa ana riƙe mata lissafi. Akwai matan da za su iya gaya miki bikin da kika sa zanen nan, da watan, da wadda kika zauna kusa da ita.

Da ni kaɗai ce, da na bi shawararsa. Amma washegari da safe, ina taje wa Ummi kai, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Umma, in za ki zo walimarmu, kada ki sa hijabin nan mai ruwan ƙasa." Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ba na kiran sunan, Ummi nake ce mata, shekarunta tara. Na tambaye ta me hijabin ya yi. Ta yi shiru, can ta ce bara da na zo taron iyaye daga wurin aiki, da ƙurar alli a gefen hijabin, wata 'yar ajinsu ta tambaye ta ko mai aikin gidansu ce ta zo. Shekara guda yarinyar nan tana ɗauke da maganar a cikinta ban sani ba.

Na buɗe baki zan yi mata faɗa, in ce mata tufafi ba su ne mutum ba, da sauran irin abin da muke faɗa wa yara a aji. Sai maganar ta maƙale. Na tuna wata yarinya a Kakuri, cikin Kaduna, wajen 1991, wadda uwarta take tuyar waina a bakin ƙofar makarantarsu. In an tashi tara, yarinyar nan takan zagaya ta bayan aji don kada ƙawayenta su ga tana gaishe da mai waina. Uwar ta gane, amma ba ta taɓa cewa komai ba; sai ta riƙa ba wata almajira wainar ta kai wa 'yar tata a bayan ajin. Ni ce yarinyar. Saboda haka na ƙarasa kitson, na ce wa Ummi na ji.

Daga nan na shiga neman mafita. Ƙanwata da ke aure a Bosso tana da leshi mai kyau, ta ce in aiko a karɓa. Na gwada shi a gaban madubi, ya zauna mini daidai, amma duk motsin da na yi sai in ji kamar leshin yana faɗar sunan mai shi. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara; ni abin da na fi tsoro ma shi ne kada a wurin walimar in haɗu da wata ƙawar ƙanwar tawa mai riƙon lissafi. Dillaliyar unguwarmu ta ce za ta ba ni ankon bashi, in biya sau uku, da ɗan ƙari a kai. Na ce zan yi shawara. Ranar Asabar na shiga Kasuwar Kure, na je shagon da aka ajiye ankon, na ce a ba ni in gani. Atamfa ce mai ruwan goro da zanen fure, ba laifi a ido. Na murza ta tsakanin yatsuna na ji sitaci ne ya riƙe ta, wanki biyu za ta saki. Irin wadda ake bugawa a ƙasar Sin ce, a kwaikwayi zanen Holan, a sauke a Kantin Kwari ta Kano, daga can a rarraba wa garuruwa. Ta Holan ɗin ta ainihi, wadda kamfanin Vlisco yake bugawa a garin Helmond, tana rataye can sama cikin leda, inda hannun irinmu ba ya kaiwa. Ban ma tambayi kuɗinta ba don kada in ɓata wa mai shago lokaci.

Murza zanen nan da na yi, a wurin mahaifina na koya. Shekara ashirin da wani abu ya yi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a sashen buga launi, kuma har ya rasu ba ya iya wuce zane bai taɓa shi ba. Yaran yanzu ba za su yarda ba in an ce musu akwai lokacin da audugar Funtuwa da Gusau take shiga Kaduna ta fito atamfa. Masaƙar farko, KTL, ta fara aiki a 1957, a zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. UNTL ta biyo baya a 1964, wasu suka bi sahu, har Kakuri ta zama gari guda na ma'aikata. In an busa jiniyar canjin aiki, kekuna sukan cika titi kamar an watse daga Idi. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Mu dai da aikin Baba ya ƙare muka tattaro muka dawo Minna, garin iyayensa.

A cikin keke, a hanyar komowa daga kasuwa, na tuna da adakar Inna.

Tana ƙarƙashin gadona tun 2015 da Allah ya yi mata rasuwa, watanni kaɗan kafin a haifi Ummi. Da aka yi rabon kayanta, 'yan uwana suka ɗauki kwalla da tasoshi da zannuwan da ta saba ɗaurawa, ni kuma aka ba ni adakar, a matsayina na babba. Na san abin da ke ciki, shi ya sa ba na buɗewa. A daren nan na jawo ta. Ƙamshin kafur da turaren wuta ya bugi hancina, kamar Inna ce ta shigo ɗakin. A can ƙasa, cikin wani tsohon ɗankwali, ga turmin: yadi shida cif, shuɗi mai duhu da zanen 'yan tsuntsaye farare suna tashi, wanda a gidanmu muke kira mai tsuntsu. A bakin zanen an buga cewa a Nijeriya aka yi shi. Baba ne ya kawo mata a 1986, da aka yi masa ƙarin girma, ya ce da hannunsa aka haɗa shuɗin. Inna ta ce ba za ta yanka ba sai wata babbar rana. Aka yi aurena, ta ce a bari sai na ƙanena. Aka yi na ƙanena, ta ce sai in Allah ya kira ta aikin Hajji, ta sa ranar dawowa. Shekara 29 turmin yana jiran rana, mai shi ta tafi ta bar shi da karinsa na kanti.

Na zauna da shi a kan cinyata har wajen ƙarfe ɗaya na dare. Wata zuciyar ta ce, abin da bikin 'ya'yanta bai isa a yanka masa ba, shi za ki yanka wa walimar shinkafa da lemon kwalba? Wata kuma ta ce, to wace rana kike jira, irin wadda Inna ta jira? Ba zan ce hankali ne ya raba gardamar ba. Na dubi Ummi tana barci a kan katifarta, mai sunan mai zanen, sai na ga in dai akwai wadda take da hakkin a yanka mata shi, to ita ce. Ban ɓoye wa kaina ɗayar gaskiyar ba, cewa yanka turmin Inna ya fi sauƙi a kan bashin dillaliya.

Telan da na kai wa dattijo ne, Banufe mutumin Bida, wanda a ƙuruciyarsa aikin allura yake yi a kan manyan riguna, aska biyu da aska takwas, kafin ido ya gaza ya koma kan keke. Da ya warware zanen sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Malama, ina kika samo wannan? Ai rabona da irinsa tun ina da baƙin gemu." Ya ja shi da hannu biyu, ya kai kunne kamar mai sauraren wani abu. Ummi, da na tafi da ita, ta zaro wani hoto da ta yago a jarida, wani ɗinki mai tattara da yanke-yanke, ta ce irinsa take so a yi mini. Tela ya duba, ya girgiza kai. Ya ce, "Jikata, wannan ɗinkin sai a yi wa zanen gunduwa-gunduwa, baɗi in yayinsa ya wuce a rasa yadda za a yi da shi. Zane irin wannan riga da zane ake yi masa." Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan riga da zane da ɗankwali, amma a yi wa hannun rigar ɗan buɗewa irin na zamani don a faranta wa Ummi. Sa'ad da ya sa almakashi na juya fuskata wajen titi. Ƙarar ta fi yadda na zata tsawo.

Ranar Juma'a, jajiberen walima, na karɓo ɗinkin, kuma kamar yadda aka saba babu wuta, alhali manyan wayoyin da suka taso daga Shiroro ba su da nisa da mu. Na fito da dutsen guga na gawayi, na leƙa wurin maƙwabciyata mai sayar da gawayi. Bagwariya ce daga wani ƙauye na ƙasar Shiroro, tana cikin waɗanda suka gudo; mijinta bai fito ba. Ɗaki ɗaya take haya a bayan gidanmu ita da 'ya'ya uku. Autanta ajinsu ɗaya da Ummi, domin mai makarantar ta ga ƙoƙarinsa ta yafe masa rabin kuɗin, uwar take haɗa sauran daga gawayi. Tana auna mini na ce, "Maman Auta, gobe tare za mu tafi ko?" Ta yi dariya, ta dubi zanen jikinta, ta dubi hannuwanta baƙi ƙirin. Ta ce, "Malama, ni da wane kaya? Ku dai je ku wakilce mu."

A nan ne nake ganin na gaza, kuma saboda wannan ne ma na zauna rubuta wannan labari. A ɗakina akwai atamfofi huɗu ko biyar masu kyau, waɗanda laifinsu kawai an taɓa ganina da su. Akwai leshin ƙanwata da ban mayar ba. Maganar ta zo har bakina. Sai na ce a raina kada ta ji na raina ta, kada ta ce na mai da ita abar tausayi. Ga shi ni kaina na ƙi kayan aro, yaya zan miƙa wa wata? Duk waɗannan dalilai ne masu kama da hankali, amma gaskiyar ita ce magariba ta kusa, hankalina yana kan guga. Kwana goma sha shida ina juya maganar abin da zan sa, ban ba nata minti biyu ba. Na biya kuɗin gawayi na ce sai da safe.

Asabar ta waye da yayyafi. Na ɗaura zanen, na kawo farin mayafi na yafa, na ɗage gefen zane saboda taɓo har muka sami keke. Ummi ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Umma, kin yi kyau," sa'an nan ta koma maganar waƙar da ajinsu zai yi. A harabar makaranta an kafa rumfuna an jera kujerun roba. Masu anko suna nan, sun cika layuka biyu na gaba, amma ko rabin matan ba su kai ba. Sauran kowa da abin da Allah ya hore mata: masu abaya, masu hijabi har ƙasa, matan Yarabawa da ɗaurinsu, wata ma'aikaciyar jinya da fararen kayanta ta taho daga aikin dare. Na lura da yawanmu muna satar kallon juna, kowace tana auna ko ita ce ta fi fita daban. Wata hajiya mai shekaru, cikin masu ankon, ta kama gefen zanena ta murza, ta ce, "'Yar nan, wannan ai na Kaduna ne," ta yi ajiyar zuciya ta sake shi. Ban da ita babu wanda ya kula. Maigida ya yi gaskiya ke nan, ko da yake ban gaya masa ba.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, yara suka yi waƙa da wasan kwaikwayo, aka raba shinkafa a robobi. Sa'an nan aka zo rabon kyaututtuka. Tsarin shi ne, in an kira yaro sai a kira uwa ko uba su fito, a ɗauke su hoto tare. Ummi ta zo ta biyar, ba ta cikin masu karɓa, kuma ban ji komai ba. Da aka zo na ɗaya a lissafi a ajinsu sai aka kira Auta. Ya fito da takalminsa da aka wanke har ya koɗe, ya karɓi littattafansa a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, ya tsaya. Mai gabatarwa ya ce, "Ina mahaifiyarsa ko mahaifinsa?" Shiru. Ya sake faɗa da Turanci. Yaron bai dubi rumfar iyaye ba ko sau ɗaya, ya san babu wanda zai gani. Ƙasa yake kallo, yana murza gefen takardar. Na san wannan tsayuwar. Ina zaune ina jin nauyin jikina, ina cewa a raina wani malami zai fito, sai na ji an ja mini mayafi ta baya. Ummi ce ta baro layin ajinsu. Ta ce, "Umma, ki je mana. Ai ta ce ki wakilce su." Ashe tana bayana jiya a wurin gawayi.

Na tashi na fita. Na dafa kafaɗarsa, na ji tana rawa. Mai hoto ya ce mu yi murmushi, ni dai na yi.

Bayan kwana uku aka kawo hoton, na biya naira 500 na karɓa, na kai mata da yamma. Tana zaune a kan buhu tana ƙulla gawayi a leda. Ta goge hannu a zanenta sau biyu, duk da haka ta ƙi karɓa, ta ce in riƙe mata kada ta ɓata. Na durƙusa na riƙe a gabanta. Ta daɗe tana kallon ɗanta. Can ta kai ɗan yatsa kusa da hoton, ba ta taɓa ba, ta nuna tsuntsayen da ke jikin rigata. Ta ce uwarta ma ta taɓa yin mai irin wannan zanen, ja ne nata, yana cikin kayan da suka bari a ƙauye. Sa'an nan ta tambaye ni ko a wurin walimar an sami waɗanda suka zo ba anko. Na ce mata mun fi yawa. Ta ce, "Ashe?" Ta ci gaba da ƙulla gawayinta.